Bututun mai na wucewa, kasuwa na cikin duhu: ina mafita ga ƴan kasuwar Arewa?

A ƴan shekarun nan babu taron da manyan ƙasa za su yi a kan tattalin arziki ba tare da an ambaci abubuwa biyu ba: makamashi mai ɗorewa, da kuma mayar da harkokin masana'antu da sufuri bisa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ana faɗin su a Yamai, ana faɗin su a Abuja, ana faɗin su a ƙasashen Turai. To amma mu da muke saye da sayarwa a Kiyeshe da Dogondutsi da Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme, tambayarmu gajeriya ce: me wannan magana za ta ƙara wa mai tallan ƙuli-ƙuli, me za ta rage wa mai ɗaukar buhun wake zuwa kasuwa?

Amsar da muka hango ita ce, wannan sauyi ya riga ya shigo kasuwanninmu, amma da ƙafa ɗaya. Wayar salula ta iso, wuta ba ta iso ba. Kuma muddin wutar da muke dogaro da ita daga nesa take zuwa, a hannun wasu, to ko da yaushe siyasa ko tsadar mai na iya tsayar mana da ciniki. Bari mu bi abin daki-daki.

Manyan ayyukan da suka ratsa jiharmu

Jihar Dosso ba ta rasa manyan ayyuka ba. Bututun ɗanyen mai da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya taso daga rijiyoyin Agadem a jihar Diffa, ya ratsa ta gundumar Tibiri, ya gangara Gaya, ya ƙare a gaɓar teku a Seme ta ƙasar Benin. An ƙaddamar da aikinsa a 2019, jirgin ruwa na farko kuma ya yi lodi a watan Mayun 2024. An gina shi don ɗaukar ganga 90,000 a kowace rana. Wannan mai ɗanye ne, kasuwar duniya ya nufa, ba ya shiga injin niƙan kowa a kan hanyarsa. Amma da haɗarinsa ya zo, a ƙofarmu ya sauka: a watan Yunin 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun a kusa da ƙauyen Salkam na yankin Tibiri. Allah ya jiƙansu.

Ga kuma layin dogo na Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa, aka yi bukin buɗe shi a watan Janairun 2016. An ce zai haɗe da na Kwatano, kaya su riƙa zuwa da sauƙi. Shekaru suka wuce bai ɗauki buhun gero ko na wake na ɗan kasuwa ba. Haka ma tashar tsandauri ta Dosso, wadda aka daɗe ana ba mu labarinta. Madatsar ruwa ta Kandaji kuwa, da aka ce za ta ba da megawat 130, tun 2008 aka aza harsashinta, aka sake tayar da aikin a 2019, ya sake tsayawa a 2023.

Ba muna raina waɗannan ayyuka ba ne. Ƙasa ba ta ginuwa sai da su, kuma kuɗin mai na shiga baitulmali. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya zauna jiran su kafin ya gyara sana'arsa, ya yi zaman jiran gawon shanu.

Darasin 2023

Tun 1976 aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi ya bi ta Dosso zuwa Yamai, kuma shekara da shekaru wutar Najeriya mai rahusa ce ke riƙe da kamfanin NIGELEC. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon watan Agusta aka yanke layin. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya: masu firji suka yi asarar kaya, masu walda da teloli suka zauna, ƙanƙara ta zama abin nema. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin, wuta ta dawo a watan Maris. A watan Afrilun 2025 kuma, lokacin da zafi ya fi tsanani, ministar makamashi Hajiya Haoua Amadou ta bayyana cewa abin da Najeriya ke turowa ya ragu daga megawat 80 zuwa 46.

A ɓangaren mai ma haka abin yake. Mu ƴan bakin iyaka mun saba da esansin ruwa-ruwa da ke shigowa daga jihar Kebbi a jarka da kwalba. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a Najeriya, farashi ya ninka, arhar da muka saba da ita ta kau. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita a gidajen mai, esansi ya koma sefa 499, gazuwal 618. To amma matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana. Da man sumoga ya janye, kowa ya koma gidan mai, sai matatar ta kasa ɗaukar nauyin, aka shiga dogayen layuka a watan Maris na 2025. Jami'an SONIDEP da kansu sun ce man da ake shigowa da shi ta bayan fage ya kai kusan rabin abin da ƙasa ke sha a da.

Hanya ma ba ta tsira ba. Gadar Gaya da Malanbil, wadda ita ce ƙofarmu ta zuwa tashar jiragen ruwan Kwatano, an rufe ta a 2023, kuma har cikin 2025 ba a buɗe ta daga ɓangaren Nijar ba. Manyan motoci suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, tafiyar da ke cin makonni. Kowace rana da mota ta ƙara a hanya, a kan kwalin sabulu da buhun shinkafa da jarkar man girki ake fanshe ta, kuma mai tebur a kasuwa ita ce ta ƙarshe da ke fuskantar mai saye. Kafin wannan, mun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Idan muka haɗa waɗannan, darasi ɗaya ne. Wutarmu, man injinmu da hanyar kayanmu duk suna rataye ne a kan shawarar da ake yankewa a nesa da mu. Masu iya magana sun ce kowa ya hau dokin aro, a hanya ake sauke shi.

Abin da waya ta riga ta yi

Duk da haka akwai sauyin da ya iso har cikin rumfa, ba tare da bukin buɗewa ba. Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Kafin nan, ɗan kasuwar da ke son sanin kuɗin tiyar gero a Kwanni ko Maraɗi sai ya hau mota, ko ya jira labarin direba. Wata malamar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya shiga, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: dillali ya buga waya kasuwa uku kafin ya ɗora kaya, sai ya kai inda ake buƙata. Daga baya ita da abokan aikinta sun gwada koyar da manya karatu tare da salula a ƙauyukan Dosso da Damagaram, aka ga waɗanda suka koyi rubuta saƙo a waya sun fi riƙe karatunsu.

A yau kuɗin wake da na dabbobi ba lalle ne ya kwana a aljihu a kan hanya ba. NITA da Amana da Al Izza sun buɗe rassa a garuruwa, ga Airtel Money da Moov Money a cikin waya. Ɗa yana Yamai ko Legas ko Abijan ya turo wa uwarsa jari ta karɓa a ranar. Mai zane da atamfa tana ganin hoton kaya a WhatsApp kafin ta biya, direba yana sanar da ita inda ya kai. Manoman rani na tura hoton ganyen da tsutsa ta ci zuwa ga ma'aikatan RECA, a ba su amsa da Hausa ko Zabarmanci. Ƴan kasuwarmu masu mu'amala da Bacaka da Kangiwa da Kamba ba za su manta da farkon 2023 ba, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace: wanda yake da asusu a waya ya yi ciniki, wanda ba shi da shi ya koma gida da kayansa.

Ita ma gwamnati ta kama wannan hanya. Tun 2021 hukumar haraji ta wajabta wa manyan ƴan kasuwa rasiɗin na'ura, NIGELEC tana ta raba mitar kati, takardun duwan sun koma kwamfuta. A 2025 kamfanin Starlink ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan adam a Nijar. Ko muna so ko ba mu so, lissafin kasuwa yana barin takarda yana komawa waya.

Sai dai fa duk wannan yana tsaye ne a kan wuta. Wayar da ba ta da caji itace ce. Eriyar rezo da ke bakin gari, in gazuwal ɗin injinta ya ƙare, babu kira babu tura kuɗi. Wakilin da ke biyan kuɗi, in na'urarsa ta mutu, sai a dawo gobe. A Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki, kuma yawancinsu a birane suke. A karkara abin bai kai ɗaya cikin goma ba. Ke nan an ba mu doki, ba a ba mu harawa ba.

Masana'antarmu ita ce ta tsakar gida

Idan aka ce masana'anta, hankalin mutane na tafiya ga SORAZ ko kamfanin simintin Malbaza. Amma a ƙasar Arewa masana'antar da ke ciyar da gidaje ita ce injin niƙa da na sussuka, injin markaɗen gyaɗa, kaskon suyar ƙuli-ƙuli, firjin mai ƙanƙara da lemun zoɓo, keken tela, da injin ban ruwa a fadamun Dallol Mauri. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, kuma kusan duka yana tafiya ne da abu biyu: man inji da itace.

Mu yi lissafin kasuwa. A ce injin ban ruwa yana shan lita biyu ta esansi a rana. Ko da a farashin gidan mai na sefa 499, jaka guda ke nan kullum. Noman rani na wata huɗu ya cinye jaka 120, kafin a yi maganar baƙin mai da gyara. A ce kuma injin niƙa yana shan lita uku ta gazuwal a rana a kan 618, a wata ya haura jaka 55. Kuma kowa ya san a ƙauye ba a samun mai a farashin gidan mai, sai an ɗora kuɗin kabu-kabu da ribar mai kwalba. Wannan kuɗi daga ina yake fitowa? Daga kan kowace tiya da mace ta kai niƙa, da kowane kwandon tumatir da albasa.

Asara ta biyu ita ce ta ruɓewa. Kayan lambu duk tare suke nuna, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, wanda ba shi da wurin ajiya dole ya sayar ko ya zubar. Bayan wata biyu kayan su yi tsada, amma a lokacin babu su a hannun manomi. A Dogondutsi, manoman dankalin turawa na tabkin Tapkin Saw sun nemi maganin wannan tare da abokan hulɗarsu na garin Orsay a Faransa, inda aka gina ɗakin sanyi don a jinkirta sayarwa har farashi ya tashi. Wannan shi ne irin aikin da ke canza rayuwar ɗan kasuwa, domin yana mayar masa da ikon cewa “ba yau zan sayar ba”.

Ranar da ba a sa mata takunkumi

Abin da Allah ya hore mana, wanda babu mai iya rufe masa iyaka, shi ne rana. Kuma wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijar. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1969, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da na jawo ruwa da zafin rana, a lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. A 2018 aka buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7. Ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara ba da wuta a ƙarshen 2023, daidai lokacin da layin Birnin Kebbi yake yanke, kuma ta rage wa babban birni raɗaɗi. Akwai hukumar ANPER da aka kafa don kai wuta karkara, Bankin Duniya kuma ya amince da shirin Haske a ƙarshen 2021, na dalar Amurka fiye da miliyan 300.

A ƙasa kuwa, jama'a ba su jira ba. Farantan sola na ƙasar Sin sun yi arha ƙwarai a cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, har sun zama kayan tebur a kasuwanni. Mai cajin waya, mai shayi da talabijin, mai firji, duk sun fara ɗora faranti a kan rumfa. A fadama, inda ruwa yake kusa, famfon sola yana maye gurbin injin esansi. Wani ɗan ƙasa, Abdou Maman Kané, ya ƙirƙiro hanyar kunna famfon lambu da kashe shi ta wayar salula, aikin da ya ba shi babbar lambar yabo ta duniya a kan ruwa a 2015. A nan ne rana da waya suka haɗu wuri ɗaya.

Bambancin sola da injin mai a wurin ɗan kasuwa shi ne lokacin biya. Injin mai yana da sauƙin saye, amma kullum sai ya ci. Sola tana da tsadar shiga, amma bayan an kafa ta ba ta neman kuɗin lita. Matsalar ke nan ga mace mai ƙaramin jari: tana iya fitar da jaka guda kullum, ba ta iya fitar da jaka ɗari uku a rana ɗaya. Shi ya sa talaka ke biyan wuta mafi tsada a ƙasar nan.

Inda gizo ke saƙa

Kada kuma mu ɗauka sola tsafi ce. Akwai ramuka huɗu da ya kamata mu sani.

Na farko, jabun kaya. Farantin da aka rubuta masa ƙarfin da bai kai ba, da batirin da aka sake wa fenti, sun cika kasuwa. Wanda ya sayi irin wannan, bayan wata shida ya ce sola ƙarya ce, alhali araha ce ba ta ado.

Na biyu, batir. Faranti mai kyau yana iya shekara ashirin, amma batirin darma in ya sha zafin ƙasarmu bai cika wuce shekara biyu zuwa uku ba, kuma shi ne ke cin kuɗi. Wanda bai riƙa ajiye kuɗin canjinsa ba, zai wayi gari da faranti babu wuta. Shi ya sa aikin da ake yi da rana tsaka, kamar jawo ruwa zuwa tanki da niƙa da yin ƙanƙara, ya fi riba, domin yana iya tafiya ba tare da tara batura ba. Mataccen batir kuma guba ne. Darma da ruwansa in suka shiga ƙasa ko hannun yara, cuta ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a dallol ruwan rijiya ba shi da nisa.

Na uku, ruwa. Injin esansi tsadar mai ce ke tsayar da shi. Famfon sola kuwa, tun da ba ya cin kuɗi, mai shi na iya barinsa yana zuba daga hantsi har la'asar. In kowa ya yi haka, rijiyoyin maƙwabta za su ja baya. Abin da ake kira ɗorewa shi ne a ci yau a bar na gobe. Haka zancen yake ga itace: duk kaskon ƙuli-ƙuli da na ƙosai daji yake ci. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna tun shekarun 1980 cewa barin sabon tsiro a gona, musamman gawo, na iya dawo da itatuwa a miliyoyin kadada. Murhu mai tattalin itace da iskar gas ta SORAZ su ma suna cikin lissafin.

Na huɗu, zamba ta waya. Kowa ya ji labarin saƙon “an turo miki kuɗi bisa kuskure, ki mayar”, da mai kira yana cewa shi ma'aikacin kamfani ne a ba shi lambar sirri. Macen da ba ta iya karanta saƙo ba, ta miƙa wayarta ga wani ya duba mata, ta miƙa masa lalitarta ne. Ga kuɗin cirewa da na turawa da ke zaftare ribar ƙaramin ciniki. Kuma mata da yawa a karkara ba su da wayar kansu ko takardar shaidar da za su buɗe asusu da ita.

Abin da ke hannunmu

Ba sai mun jira kowa ba kafin mu fara. Muna da adashi, muna da ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashen waje. Abin da mace ɗaya ba za ta iya saye ba, mata ashirin za su iya. Maimakon kowane kwasa ya ƙare a biki da kayan ɗaki, ƙungiya na iya ware zagaye ɗaya ta sayi firjin sola ko injin markaɗe ko famfo, a sa kuɗin haya a kan kowane amfani, a raba shi gida uku: na gyara, na canjin batir, na riba. A rubuta komai a littafi, a kuma sa mutum biyu a kan asusun, domin kayan taro in babu mai shi, shi ne ke fara lalacewa.

Wajen saye, kada mu biya sai an gwada kaya a gabanmu da rana, an ba mu rasiɗi da wa'adin garanti a rubuce, an kuma nuna mana mai gyara da ke kusa. Mu tambayi wanda ya shekara biyu da irin kayan kafin mu saurari mai talla. Mataccen batir a mayar wa mai sayarwa, kada a fasa shi a gida.

Wajen sufuri, waya ta ba mu damar haɗa kaya. Ƴan kasuwa biyar da kowa ke ɗaukar hayar mota shi kaɗai, in suka haɗa lodi ɗaya, suka kuma nemo wa motar kayan dawowa kafin ta tashi, kuɗin buhu zai sauka. Motar da ta dawo wayam, mu ne muke biyan manta. Sannan kowace ƴar kasuwa ta koyi abu uku da kanta: karanta adadin kuɗi a saƙo, duba abin da ya rage a asusunta, da ɓoye lambar sirrinta ko daga ɗan cikinta.

Abin da muke nema daga hukuma

Daga hukumomin ƙananan hukumomin Kiyeshe da Dogondutsi da Tibiri da sauransu, muna biyan kuɗin rumfa da na tebur kowace ranar kasuwa. Hakkinmu ne mu ga wani kaso ya dawo a matsayin fitilun sola, famfon ruwa da wurin ajiya mai sanyi a cikin kasuwar. Daga ANPER da NIGELEC, muna roƙon idan za a kai wuta gari, a fara da inda ake sana'a. Wutar da ta kunna ƙwan fitila kawai ba ta biyan kuɗin kanta, amma wadda ta juya injin niƙa da na walda da firji tana biya, kuma ita ce ke sa tashar ta daɗe.

Daga ma'aikatar kasuwanci da jami'an duwan, a tsaya a kan ingancin farantai da batura tun daga bakin iyaka, a kuma sauƙaƙa haraji ga masu kyau. Daga makarantun koyon sana'a, a horar da samari da ƴan mata gyaran sola da famfo, don kada kaya su mutu saboda waya ɗaya da ta tsinke, kuma matasanmu su samu abin yi a gida. Daga kamfanonin waya da hukumar ARCEP mai sa musu ido, a ƙarfafa rezo a ƙauyukan bakin iyaka, a rage kuɗin ƙananan turawa, a kuma yi saƙonnin murya da Hausa don waɗanda ba su yi boko ba. Daga bankuna da asusun bashi, a fito da rancen kayan sola da ake biya kaɗan-kaɗan daidai da kakar amfani.

Tun da kuma bututun mai ya bi ta gonakin wannan yanki, kuma ƴaƴan ƙasa na ba da ransu wajen tsaronsa, ba roƙo ba ne in mun ce garuruwan da ya ratsa su ga alamarsa a wuta da hanya da ruwa. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su riƙa kai wannan magana gaban hukuma a rubuce, da sunan gari da abin da ake buƙata.

Shekarar 2023 ta nuna mana cewa ana iya kashe wutar ƙasa guda da umarni ɗaya, ana iya rufe gada a bar kaya suna ruɓewa a mota. Ba mu da iko a kan abin da za a yanke a Abuja ko Kwatano, amma muna da iko a kan abin da za mu ɗora bisa rufin rumfunanmu da yadda za mu juya kuɗin adashinmu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu damina mai kyau da zaman lafiya.